Peugeot 504 a tseren Asabar da Lahadi: me zan fara gyarawa?

Ɗan_Muciya:

Assalamu alaikum iyayen gida. Masu sha'awar tsofaffin motoci a nan Zariya suna shirin haɗuwa ƙarshen watan Maris a wani fili na jar ƙasa da aka aro ta hanyar Soba. Zagaye ɗaya zai kai kilomita ɗaya da rabi, akwai miƙaƙƙen wuri ɗaya da kwanoni bakwai. Gwaji ranar Asabar, gasa ranar Lahadi. Ba wasan mota na biki ba ne a kan titi, fili ne da za a killace.

Motar da zan shiga da ita 504 ce ƙirar 1984, haɗin Kaduna, injin lita biyu mai kafireto, giya huɗu. Tana tashi bugu ɗaya kuma ba ta hayaƙi. Matsalolinta uku: allurar zafi tana haurawa idan aka daɗe a cunkoso, kamar na PZ da yamma, birki yana yin laushi bayan an taka shi sau da yawa a jere, kuma babu tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, a ciki, an cire tun kafin ta zo hannuna.

Abokai suna cewa in sa babban kafireto, in yanke salansa, in cire filtar iska don ta sami numfashi. Kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki komai da komai ba, kuma saura mako biyar. Me ya kamata in fara da shi, me zan bari?

Oga_Injiniya_SabonGari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye maganar babban kafireto. Injin nan yana ba da ƙarfin doki casa'in da ɗoriya, motar kuma nauyinta wajen kilo 1,200, a kan jar ƙasa taya ba za ta iya riƙe ko wannan ƙarfin duka ba. Da 504 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma ba don ta fi sauran gudu ba, don ta jure hanyar ne har ƙarshe. Motar da allurarta ke haurawa a PZ ba za ta yi zagaye huɗu a giya ta biyu cikin zafin Maris ba. Ruwa za ka fara da shi.

A sauke lagireto gaba ɗaya, a kai wa mai gyaransa ya buɗe tankin sama ya tsefe bututun ɗaya bayan ɗaya. Wanke shi da tiyo yana jikin mota aikin banza ne, domin ruwan rijiya da na burtsatse da aka shekara talatin ana zuba masa ya bar farin dutse a ciki. Idan an tarar kashi ɗaya cikin huɗu na bututun ya toshe ko an taɓa matse wasu an like, a canza cikin duka. Kafin a mayar, a sa tiyo a wanke cikin injin har ruwa ya fito fari. A riƙe fulin famfon ruwa a girgiza: in yana motsi, ko akwai alamar ɗiga a ramin ƙasansa, a canza. Hos na sama da na ƙasa sababbi, da kilif mai noti, ba waya ba. Na ƙasan ya fi muhimmanci, domin idan ya tsufa yakan shanye ya manne lokacin da injin ke ihu, ruwa ya daina wucewa, kai kuwa in ka tsaya ka duba sai ka gan shi lafiya lau.

Murfin lagireto ma sabo, mai lamba ɗaya da na asali. Tudun Zariya ya haura mita 600, ruwa a nan yana tafasa wajen digiri 98. Matsin da murfin ke riƙewa shi ke ɗaga wannan zuwa sama da 110. Murfin da robarsa ta mutu ya zubar maka da wannan ribar duka. Kada kuma ka sa wanda ya fi na asali ƙarfi sosai, tsohon lagireto zai fashe. Ruwan da za ka zuba: tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ba asid ba) ko tataccen ruwan sama kashi biyu, kulant kashi ɗaya. Tof ɗin injin nan, wato murfinsa na sama, alminiyom ne, ruwa zalla yana cinye shi.

Tamostat a mayar. In babu shi injin yana daɗewa bai kai zafin aiki ba, kuma ruwan yakan bi gajeriyar hanya ya koma injin ba tare da ya ratsa lagireto yadda ya kamata ba. Kafin a ɗaura, a jefa shi a tafasasshen ruwa a ga ya buɗe.

Yanzu abin da ya fi ba ni tsoro. Motar da ta saba ɗaukar zafi wataƙila gasket ɗinta, shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin injin, ya fara tafiya. A auna matsin silinda huɗun da geji, bambancinsu kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. A buɗe murfin lagireto injin na sanyi, a tayar, a duba ko kumfa na tasowa ba tsayawa. In har za a ɗaga tof, ka tsaya a kan bakanike, domin silif ɗin 504, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsu, ba a kafe suke ba, zaune suke cikin ruwa da sil a gindinsu. Ana girgiza tof ne gefe da gefe har ya saki, ba a fizge shi sama, kuma da an cire a danne silif ɗin da washa da noti kafin wani ya juya injin. Silif ɗaya ya ɗaga, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, kuma sai an sake kwance komai.

Saitin tafet, wato gibin bawul, a yi shi da safe injin ya kwana: na shigar mai 0.10, na fitar hayaƙi 0.25 na milimita. Gibin kontak 0.40, na fulogi 0.6. Jerin wuta 1-3-4-2, kuma silinda ta ɗaya ita ce ta wajen giyabos, ba ta wajen fanka ba, yara da yawa a gareji suna juya wannan.

Filtar iska kuwa, wanda ya ce ka cire ta a fili mai ƙura bai ƙaunaci injinka ba. Jar ƙasa tana cin ringi cikin yini guda. In mai wankan mai ce a wanke a zuba sabon mai daidai layi, in ta takarda ce ka sayi biyu, ɗaya ta Asabar ɗaya ta Lahadi, ka shafa giris a bakin murfin. Baƙin mai 20W-50, kusan lita 4, a cika shi har layin sama domin a doguwar kwana mai yana gudu gefe ɗaya. Salansa ka bar ta.

Baba_MaiBirki_Kwangila:

Injiniya ya gama da ruwa. Ni a wurina ma birki ne na farko, don mota in ta tafasa tsayawa take yi, in birki ya tafi ba ta tsayawa.

Yaro, laushin da kake ji bayan ka taka sau da yawa man birki ne yake tafasa. Man birki yana shan damshi daga iska. Mai lamba DOT 4 sabo yana jure digiri 230, wanda ya sha ruwa 155 kawai. DOT 3 kuma 205 ne sabo, 140 tsoho. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, sai feda ta nutse har ƙasa. Ka sayi lita ɗaya na DOT 4 a rufaffiyar roba, ba na awo da ake ɗurawa a kwalba ba. Kada ka ɗauki DOT 5, wannan na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. A yi bilidin, wato a matso tsohon mai da iska waje, har sai sabon mai ya fito tas a kowace ƙafa, a fara da baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. 504 tana da wani bawul a baya da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon lodi. In an ɗaga motar tayoyin baya suna reto, bawul ɗin a rufe yake, mai ba zai fito sosai ba, sai a yi zaton an gama. A yi na baya nauyin motar na kan tayoyinta, a kan rami. A kuma duba ko bawul ɗin bai ƙage ba, don in ya ƙage a buɗe, baya ne zai riga gaba kamawa, motar ta juya da kai a bakin kwana.

Hos ɗin roba na birki duka a canza, ko da sun yi kyau a ido. Tsoho yana kumbura in an taka, wani kuma cikinsa yana ruɓewa ya hana mai komawa, birki ya riƙe taya ya yi ta zafi. Fistin ɗin kalifa, abin da ke matse fad a jikin faifan birki, su koma da matsin hannu. In bayanta ganga ce, a buɗe, a ɗaga robar ƙaramar silindar a ga ko akwai jiƙa, a saita takalmin har ya fara taɓawa kaɗan.

Sabon fad ba a shiga gasa da shi kai tsaye. A nemi wurin da ba kowa, a kai 80 a taka da ƙarfi zuwa 20, kamar sau takwas zuwa goma ba tare da an tsaya cak ba, sannan a yi tafiyar minti biyar ba taka birki. In ka fito daga fili kuma kada ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya, don fad mai zafi yana mannewa ya bar tabo a faifai.

Taya: ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta wuce shekara biyar zuwa shida a bar ta, komai kyan zanenta, kuma tayar gwanjo galibi can take. Huɗun su zama iri ɗaya. Masu faci sun saba bugawa 40 ko 45, wannan na mai ɗaukar buhuna ne. A jar ƙasa ka fara da 28 a geji, ka auna da zarar ka fito tana da zafi, ka daidaita. Kada ka sauka ƙasa da 25, taya za ta iya zamewa daga rim a kwana. Notin taya a bi su da sifana bayan kowane fita.

Sai a shiga ƙarƙashinta da fitila: boljoyin, tarod, bushin, robar da ke riƙe injin, da kan shokazoba na gaba inda yake haɗuwa da bodi. Wadda ta yi haya a hanyar Funtuwa ko Kano sau da yawa akwai tsaga a wurin, an shafe da fenti. A kankare a gani, a yi walda da ƙarin faranti.

Habu_Rewaya:

Oga Injiniya, a gafarce ni, ban ƙi maganar tamostat ba, amma wanda ake samu a kasuwa yanzu ba duka ne abin yarda ba, kuma in ya ƙage a rufe a tsakiyar gasa an yi asarar gasket. Shawarata a sayi biyu, a dafa su tare da ma'aunin zafi, a ɗauki wanda ya buɗe da wuri kuma ya buɗe sosai, a huda ƙaramin rami na milimita 3 a gefensa don iska ta fita. In ba a samu a Sabon Gari ba a leƙa Panteka a Kaduna.

Fankar 504 ta asali tana da kuloci na maganaɗisu, sai zafi ya kai take kamawa. A yawancin motocin ya mutu ko an ɗaure shi. A tabbatar tana kamawa, sannan a ƙara fankar lantarki a gaban lagireto da rile da fis da makunni kusa da hannun direba. A gwada da takarda cewa iskar tana shiga wajen injin ne, don in an juya waya tana yaƙi da ta asali. Allurar dashbod kuma ba abin dogaro ba ce bayan shekara arba'in, a sa geji mai lamba. Tsakanin 80 da 95 lafiya, ya taɓa 105 a sassauta a fito.

Batir a ɗaure shi da ƙarfe da noti, a rufe kan fositif da roba. Batirin da ya yi tsalle ya taɓa bonet gobara ce. A sa makashin wuta gaba ɗaya wanda zai kashe injin ma, ba batir kaɗai ba, domin in altaneta na caji injin zai ci gaba da aiki ko an yanke batir. Hos ɗin fetur duka sababbi da kilif, a sa filtar mai kafin famfo, a ja bututun tagulla da ke shiga kafireto a ji ko ya yi sako-sako. A jaka: kontak, kondensa, rota, koyil, fanbel, fulogi huɗu. Waɗannan ƙananan su suka fi mayar da mutum gida ranar Asabar.

Alkalin_Fili:

Malam Ɗan Muciya, ka isar wa masu shiryawa da wannan, don gyaran motarka rabin aiki ne.

Kada a saki motoci tare. Direbobin da ba su saba ba, ƙura, motoci marasa ƙarfen kariya, in aka haɗa ukun nan a kwana ta farko ba za a ji daɗi ba. Mota ɗaya a lokaci guda, da agogo, a bar minti biyu tsakani ko har ƙura ta kwanta. Mafi dacewa da tsofaffin motoci ma shi ne gasar daidaita lokaci: ranar Asabar kowa ya zaɓi lokacin da zai iya zagaye cikinsa ba da wahala ba, ranar Lahadi ya maimaita shi, kowace daƙiƙa sama ko ƙasa maki ɗaya ne a kansa, mai ƙarancin maki ya ci. A Turai haka ake gudanar da da yawa daga gasannin tsofaffin motoci, kuma ta haka Beetle mai injin 1500 za ta iya doke 505. In an sa shekara 30 a matsayin iyaka, wadda ita ce ƙa'idar da aka fi sani ta kiran mota tsohuwa ta tarihi, an huta da gardama.

Takardar izini daga mai fili da mai unguwa, a sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra a rubuce. Inshorar da ke jikin takardun motarka ba ta biyan abin da ya faru a tsere, kowa ya san da haka kafin ya sa hannu. Motar asibiti da ma'aikacin jinya su kasance a wurin tun kafin mota ta farko, kuma direbanta ya san hanyar da zai bi zuwa asibitin koyarwa na Shika ba sai ya yi tambaya ba. In motar asibiti ta tafi da wani, an dakata har ta dawo.

'Yan kallo su ne babbar damuwa. Yaran ƙauyukan kusa za su zo, ba makawa. Wuri ɗaya za a ware musu, ta cikin zagaye ko kan tudu, da igiya da masu tsaro. Ba a tsayawa a bayan kwana ta waje, ba a tsayawa a ƙarshen miƙaƙƙen wuri, nan mota take zuwa in ta ƙwace. Kowace kwana mutum ɗaya da tuta rawaya da ja da tukunyar kashe gobara: rawaya a rage gudu, ja a tsaya. A bi filin da ƙafa a cire duwatsu da kututture, a duba gidan tururuwa da ramuka, a kuma yi magana da makiyayan yankin kan awannin. Tankar ruwa ta yayyafa da safe, amma kaɗan, jar ƙasa in ta jiƙe sosai santsi take kamar sabulu.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci a duba motoci: birki, ɗaurin batir, ɗigar mai, kujera, bel, ƙugiyar ja gaba da baya. A kwashe duk abin da ke yawo a ciki, har jak da dardumar ƙafa. Hular kwano mai tambarin gwajin inganci na ECE ko Snell, ba ta leburori ba. Kaya na auduga masu dogon hannu, ba nailan ba, ba babbar riga, ba silifas. Tukunyar gobara ta kilo 2 a ɗaure da ƙarfe inda direba zai kai hannu yana cikin bel.

A ƙarshen Maris zafi yana kusantar digiri 40 da rana, don haka a fara ƙarfe bakwai, a tsaya kafin azahar, a dawo bayan la'asar. Asabar kada ka nemi lokaci a fitar farko: zagaye uku a hankali, ka fito, ka duba ruwa, mai, taya. Bayan kowane gudu ka yi zagaye ɗaya na hucewa, ka bar injin yana aiki minti biyu bonet a buɗe kafin ka kashe, in ba haka ba zafin da ya taru zai tafasa ruwa da fetur ɗin kafireto, ta ƙi tashi. Ba a zuba fetur injin na aiki, kuma jarkoki a inuwa nesa da masu shayi. Daren Asabar a ɗaga motar a bi kowane noti na ƙasa, a canza filtar iska, a ɗan yi bilidin. Lahadi da asuba a sake auna tafet: in na hayaƙi ya matse ƙasa da yadda aka saita, mazaunin bawul yana nutsewa, a saita a kuma rage wa injin ihu.

Ɗan_Muciya:

Allah ya saka da alheri, na fasa kafireto. Saura ɗaya: wani mai walda a Tudun Wada ya ce zai haɗa mini ƙarfen kariya na ciki da bututun ruwa mai inci biyu, cikin kwana biyu. In karɓa?

Alkalin_Fili:

A'a. Bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, ƙarfensa mai taushi ne, kuma farin rufin jikinsa yana ɓata walda. In mota ta kife zai iya karyewa a gaɓa ya zama abin da zai soki direba. Ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ita ce bututu marar ɗinki: babban baka na bayan kujera milimita 45 da kauri 2.5, ko 50 da kauri 2.0, sauran sassan 38 da 2.5 ko 40 da 2.0. Bakan guda ɗaya ne, a lanƙwasa shi da inji a sanyi, ba a gasa shi da wuta ba, ba a yanka a haɗa ba. Kowace ƙafa tana zama a kan faranti mai kauri aƙalla milimita 3 da faɗin santimita murabba'i 120 da aka yi wa walda a bodi, in kuma da noti za a ɗaure, uku ne aƙalla, M8 masu lamba 8.8. Waldar ta zagaye bututun duka, har saman da ke manne da rufi, wurin da masu gaggawa suke tsallakewa. Duk inda kai zai iya taɓawa a naɗa masa abin kariya mai tauri.

In ba a sami wannan bututun da wanda ya iya ba cikin mako biyar, ka shiga gasar daidaita lokaci da bel ɗinka na asali mai maki uku, sabo, da hular kwano. Kada ka sa bel na tsere mai kafaɗa biyu a motar da ba ta da ƙarfen kariya, domin yana riƙe ka a miƙe ko rufi ya danno. In kuma an yi ƙarfen daidai, igiyoyin kafaɗa su tafi baya a kwance ko su sauka kaɗan, digiri 10 zuwa 20, a ɗaure su a ƙarfen da ke bayan kujera, ba a ƙasan mota ba.